Filin Tambaya da Amsa: Wane gem ne ya kamata mu guje wa?

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mai son buga gem ne sosai, a waya da PlayStation, amma sau da yawa bidiyon talla zai burge ni in siya ko in sauke, ina buɗewa in tarar ba abun da na gani ba ne kwata-kwata. Don Allah a faɗa mana waɗanda suka fi muni mu kiyaye. Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh in ana maganar mafi muni a tarihi sunan da ake fara kira shi ne E.T. na kamfanin Atari, wanda ya fito a ƙarshen 1982. Mutum ɗaya ne ya haɗa shi, Howard Scott Warshaw, cikin sati biyar da 'yan kwanaki don a riski kasuwar Kirsimeti, kuma abun da aka fi tuna shi da shi faɗawa rami ne, ka fito da ƙyar ka sake faɗawa. Kaset ɗin da suka yi kwantai a juji aka binne su a garin Alamogordo da ke Amurka a 1983, mutane suka daɗe suna cewa almara ce sai da aka tone wajen a 2014 aka gan su. Akwai kuma Big Rigs na 2003, tseren tireloli ne wai, amma tirelar abokin karawarka ko motsi ba ta yi daga wajen tashi, taka kuma ratsa gini take ta wuce abunta, in ka sa ribas gudun ba shi da iyaka.

Amma fa waɗannan ba su ne za su ci maka kuɗi ba, ba wanda zai tallata maka su yau. Abun da ya fi damuna shi ne sababbin da ake fitarwa ba a gama su ba, bayan an riga an karɓi kuɗin mutane tun kafin ranar fitowa. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 da matsaloli a PlayStation 4 (PS4) har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. eFootball 2022, gem ɗin ƙwallon ƙafa da kamfanin Konami ya maye gurbin tsohon gem ɗinsa PES da shi, duk wanda ya buga a satin farko ya san yadda fuskokin 'yan wasa suka koma, ido a zazzaro baki a karkace, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. The Lord of the Rings: Gollum ma haka a 2023. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne The Day Before, shekaru ana nuna wa mutane bidiyo masu kyau, ya fito 7 ga Disamban 2023, bayan kwana 4 kamfanin Fntastic da ya yi shi ya ce ya rufe, a Janairun 2024 aka kashe gem ɗin gaba ɗaya. An mayar da kuɗi, amma dai an yi wasa da hankalin jama'a.

Sai dai gem mai matsala yana iya gyaruwa. Cyberpunk ɗin nan yanzu ya zama abun yabo, haka No Man's Sky da aka zaga sosai a 2016. Wanda ba ya gyaruwa shi ne wanda tun farko an gina shi ne don ya tatse ka, kuma a waya suka fi yawa. Za a ce kyauta ne, matakan farko ka yi ta wucewa kana jin daɗi, can sai ka cije, a ce ka jira awa kaza ko ka biya, ko ka siyi akwatin da ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe. Wannan caca ce wallahi, shi ya sa ƙasar Beljiyam ta haramta irin akwatunan nan da ake siya da kuɗi a 2018. Tallan ƙaryar da ka yi kuka da shi kuwa, a 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallan Homescapes da Gardenscapes saboda abun da suke nunawa kaɗan ne ƙwarai a cikin ainihin gem ɗin. In akwai yara masu taɓa wayarka kar ka bar katin banki a haɗe da ita.

Shawarata kar ka biya kuɗin gem kafin ya fito ko da wane kamfani ne ya yi shi. Ka bari a yi sati ɗaya ko biyu, ka hau YouTube ka kalli mutum yana bugawa da hannunsa a kan irin na'urar da kake da ita, don wanda ke tafiya lafiya a PS5 zai iya sarƙewa a PS4. In a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, ka siya kuma ka ga ba haka ba, za su mayar maka da kuɗinka matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga ya kai awa 2 ba, don haka ka riƙa duba agogo tun daga lokacin da ka buɗe shi.