Kafin malami ya biya kuɗin buga maƙala

Kai yaro, ka ce wani malami ya kawo maka takardar wata mujalla da ke neman kuɗi kafin ta buga masa maƙala, kana tambaya ko ya biya. Da wani abu daban ka tambaya, da sai in ce je ka duba da kanka. Amma wannan ka fama mini tsohon miki.

Shekarun baya wani malamin aikin gona ya kawo mini bincikensa, a ɗakin karatun da nake aiki, a kan masakwa, dawar nan da ake dasawa a ƙasar karal mai yumɓu ta wajen Marwa a Kamaru bayan ruwa ya janye. Aiki ne na gaske, mutumin ya sha rana a gona. Ni na zauna na gyara masa manazarta ɗaya bayan ɗaya, dare ya yi, wuta ta ɗauke, ina haskawa da tocila. Na samo masa mujalla a cikin AJOL, shafin da ya tattara mujallun binciken Afirka, wadda ba ta karɓar ko dala. Masu tantancewa suka riƙe aikin watanni, suka dawo da shi cike da gyara. Gogan naka ya ce raini ne, ga kuma kwamitin ƙarin girma ya kusa zama. Ana haka sai ga imel daga wata mujalla daban, an kira shi babban farfesa alhali ko kusa bai kai ba, wai cikin mako guda za a buga. Bai ce mini uffan ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya tura kuɗin, ya sa hannu a takardar da ta mallaka musu haƙƙin rubutun. Aka buga, sunansa ma da kuskure, jadawali biyu sun hau kan juna. Kwamiti ya ƙi ƙirga ta. Can gaba shafin mujallar ya ɓace ɓat. Muka koma wa ta farko, editan ya ce shi ba ya sake buga abin da aka riga aka buga, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ya miƙe a zauren malamai ya ce ɗakin karatu ne bai gargaɗe shi ba. Ni! Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa ce kawai.

To, neman kuɗi shi kaɗai ba ya nuna damfara. Akwai manyan mujallu na ƙwarai da ke cajin dala dubbai domin kowa ya karanta kyauta, kuma da yawansu suna yafe wa ko rage wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ke jerin shirin Research4Life, wanda Kamaru da Cadi ke ciki. Sai dai a lokacin miƙa maƙala ake roƙon yafiyar, ba bayan takardar biya ta iso ba. Ka buɗe DOAJ, kundin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ka nemi sunan mujallar. Yawancin waɗanda ke ciki ma ba sa cajin marubuci komai. Lambar ISSN, wato lambar rajistar mujalla, ba sai na koya maka ba, amma ka sani ɓarawo ma yana iya samunta. Ni abin da nake yi, in zaɓi mutum ɗaya cikin editocin da suka jera, in nemo adireshinsa a shafin jami'arsa, in tambaye shi ko ya san da zamansu.

Ku yaran yanzu ba ku da wannan haƙurin. Abin da Google ya fara nuna muku a waya shi ne gaskiya, ko ku jingina da jerin Beall na mujallun da ake zargi da damfara, wanda mai shi ya rufe tun 2017.

In mujallar ta tsallake, ka karanta yarjejeniyar kafin ya sa hannu, layi bayan layi, ka ga ko ta bar masa damar ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbunan intanet na ajiye maƙalu, HAL ko Zenodo. In ta bari, kai za ka ɗora da hannunka a ranar, don malami in ya ce gobe, sai wata shekara.