Amsa ga ɗan'uwan da ke neman labarin yaron da ya tafi da jirgin Royal Oak

Malam, ka ce dattijuwar da kuke maƙwabtaka da ita a Portsmouth ta roƙe ka ka binciko mata ƙanin mahaifinta, wanda ya nutse da jirgin yaƙin Birtaniya HMS Royal Oak a yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara 16, kuma ba ta da komai nasa sai suna da hoto guda. Wallahi tambayar ta taɓa ni. Da yawanmu a nan mun san ciwon rashin da babu gawa, babu kabarin da za a je a tsaya.

Fara da rumbun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, CWGC, kyauta ne a intanet. Ka sa sunan danginsa (surname) kaɗai da shekarar 1939. Kada ka kafe a kan ranar 14 ga Oktoba da jirgin ya nutse, don akwai waɗanda aka ciro da rai suka cika daga baya saboda ƙuna, ranarsu daban. Abin da kake nema shi ne lambar aikinsa. Idan ta fara da P, ɗan sansanin Portsmouth ne, kuma in ba a sami gawarsa ba, sunansa na jikin hasumiyar tunawa da ke Southsea, nan kusa da ku. Shafin zai ba ka lambar allon da aka zana shi. C na Chatham ne, D na Devonport, kowanne da tasa hasumiyar.

Sai dai kafin ka zauna da baiwar Allah nan, ka san abin da ya faru a daren, don za ta tambaya. Jirgin yana ɗaure a Scapa Flow, sansanin jiragen yaƙi a tsibiran Orkney da ke arewacin Scotland, wurin da aka ɗauka babu mai iya shiga. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-47, ya ratso ta mashigin Kirk Sound, tsakanin tsofaffin jiragen da aka nutsar don toshe hanya. Ƙarfe 1:04 na dare makamin ƙarƙashin ruwa (torpedo) na farko ya sami goshin jirgin. Aka zaci wani abu ne ya fashe a ma'ajiyar fenti, mutane da yawa suka koma barci. Minti goma sha biyu aka samu, babu wanda ya ce a fito da yaran nan sama. Ƙarfe 1:16 guda uku suka sauka a tsakiyarsa, wuta ta ɗauke, albarushi ya kama, jirgin ya karkata har ruwa ya riƙa kwarara ta tagogin gefe. Zuwa 1:29 ya kife. Waɗanda suka faɗa ruwa sun tarar da sanyi mai daskarar da jini da baƙin mai da ke cika baki da ido. Cikin mutum 1,234, an rasa 835, kuma 134 daga ciki yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Ƙaramin jirgin ruwa mai suna Daisy II shi kaɗai ya tsamo mutum 386. Abin da ya fi ci min rai, an san mashigin nan bai toshe sosai ba, sai bayan ta'asar aka tashi da gaske, har aka gina shingayen da ake kira da sunan Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin yaƙin. Kwamandan U-47, Günther Prien, an yi masa tarbar jarumi a Berlin, shi ma teku ta cinye shi a Maris 1941.

Tsofaffin littattafai za ka ga sun ce mutum 833 aka rasa, kada ya ruɗa ka, an gyara lissafin ne daga baya.

Takardun aikinsa kuwa, da lambar nan za ka nema ta shafin gwamnatin Birtaniya. Tunda mutuwar ta haura shekara 25, ba sai da sa hannun magaji ba.  Yana ɗaukar watanni, ka gaya mata tun yanzu. Lambobin yabo na yaƙin duniya na biyu ba a zana musu suna, saboda haka idan wani ya kawo muku na sayarwa ya ce nasa ne, kada ku saya. Ofishin lambobin yabo na ma'aikatar tsaro zai faɗa muku ko an taɓa ba danginsa.

Gawawwaki kaɗan aka samu, an binne su a maƙabartar sojan ruwa ta Lyness, tsibirin Hoy. Sauran suna cikin jirgin, a kife a zurfin kimanin mita 30, kuma doka ta hana nutso a wurin. Duk shekara a ranar, masu nutso na sojan ruwa kan sauka su ɗaura masa sabuwar tuta. Ƙararrawar jirgin da littafin sunayen suna majami'ar St Magnus a Kirkwall, babban garin Orkney. Idan tana da ƙarfin tafiya, akwai jirgin ruwa daga Aberdeen zuwa Kirkwall, ko daga Scrabster zuwa Stromness, shi ma a Orkney, amma iskar Oktoba ba ta tsoho ba ce, ku bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani don ana soke tashi. Idan kuma ba za ta iya ba, ka kai ta Southsea da lambar allon a rubuce a takarda, sunayen suna da yawa kuma wasu alluna suna can sama.