Amsa ga Yaya: mu da tutocin Belfast

Yaya, barka da war haka, ya iyali? Na ga tambayarka. Kun ga hotunan wuta a titunan Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, samari rufe da fuska suna ɗaga tuta, kana so ka san wane ɓangare muke, kuma wai ko gaskiya ne mun saje da Turawa har ba a gane mu. Zan amsa a fili, domin ba kai kaɗai ke yi mana wannan tambaya ba.

Rigimar nan ba da mu aka fara ta ba, kuma ba ta Musulmi da Kirista ba ce kamar yadda ake ɗauka a gida. Akasarin Furotesta na so Ailan ta Arewa ta ci gaba da zama cikin Birtaniya, akasarin Katolika kuma na so ta haɗe da Jamhuriyar Ailan. Sun yi kusan shekara 30 suna kashe juna, an rasa rai sama da 3,500, kafin yarjejeniyar 1998. Bindiga ta yi shiru amma unguwanni na nan a rabe, wasu har da katanga a tsakani. Kai da ka zauna Kaduna bayan rikicin 2000, ka ga yadda kowa ya kwashe kaya ya koma gefen kogin da nasa suke, ba sai na yi maka dogon bayani ba. A nan har bakin titi ake yi wa fenti: ja da fari da shuɗi na tutar Birtaniya a wannan unguwa, kore da fari da ruwan lemo na tutar Ailan a waccan. Wasu su ƙara da tutar Isra'ila, kishiyoyinsu su rataya ta Falasɗinu.

Tutar Birtaniya tana kaɗawa kullum a saman ginin majalisar birnin Belfast tun 1906. Ranar 3 ga Disamba 2012 kansiloli suka kaɗa ƙuri'a, 29 da 21, cewa daga yanzu sai a ranaku 18 na musamman a shekara. Jam'iyyun Sinn Féin da SDLP, masu son haɗewa da Ailan, so suka yi a sauke ta gaba ɗaya, jam'iyyar Alliance ce ta kawo wannan matsaya ta tsakiya, kuma ita ta sha wuya. Tun kafin ƙuri'ar jam'iyyun DUP da UUP, masu son zama cikin Birtaniya, sun raba takardu kusan 40,000 suna nuna ta da yatsa. Aka ƙona ofishinta a Carrickfergus, aka yi wa 'yar majalisarta Naomi Long barazanar kisa, aka jefa bam ɗin fetur cikin motar 'yan sanda kusa da ofishin ita Naomi. Makonni ana tare hanyoyi da yamma. Ina aikin jinya a lokacin, in na tashi sai maigidana ya kira ya gaya mini hanyar da ba a rufe ba.

Ban raina ɓacin ran waɗannan mutane ba. Da yawansu talakawa ne 'yan unguwannin da masana'antar ƙera jiragen ruwa ta mutu ta bari, suna ganin ana karɓe musu komai ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne waɗanda suka shigo cikinsu. Jim Dowson, ɗan Sikotlan, wanda ya yi wa jam'iyyar BNP mai ƙin baƙi aikin tara kuɗi kuma yana cikin waɗanda suka kafa irinta mai suna Britain First, sai ga shi da lasifika a gaban taron tuta. Irinsu ba Katolika ne damuwarsu ba, mu ne. A 2014 wani fasto ya zagi Musulunci a kan mumbari, shugaban gwamnatin Ailan ta Arewa na lokacin, Peter Robinson, ya kare shi da cewa shi zai iya amincewa Musulmi ya je masa aike kanti. Daga baya ya je Cibiyar Musulunci ta Belfast ya ba da haƙuri. A shekarar ce aka hana wani ɗan Najeriya shiga gidan da hukuma ta ba shi a gabashin birni, da kwalaye masu cewa gidajen unguwa na 'yan unguwa ne. A Agustan 2024 kuwa na ga abin da ban taɓa zato ba: tutar Birtaniya da ta Ailan kafaɗa da kafaɗa a zanga-zanga ɗaya, ƙin baƙi ya haɗa su. A daren aka ƙona kantin wani ɗan Siriya da gidan shayin wani ɗan Sudan.

To mu ya muke yi? Ba ma rataya tuta ko wace iri a ƙofar gida. Yaranmu ba sa sa rigar ƙwallon Celtic, da akasarin Katolika ke goya wa baya, ko ta Rangers ta akasarin Furotesta, domin a nan riga ma sanarwa ce. Daren 11 ga Yuli, da ake kunna manyan wutace kafin faretin da 'yan Orange, wata ƙungiyar Furotesta, ke yi washegari, muna zama a gida ko mu kai ziyara wani gari. Ka ce wannan tsoro ne. Akwai tsoro a ciki, ba zan ɓoye ba, amma akwai tarbiyyar Baba, Allah ya jiƙansa. Shekarun da ya yi yana fataucin goro a Kumasi bai taɓa sa baki a rigimar sarautar masu gari ba, kuma kowane gida ya shiga da mutuncinsa. Sai dai shi baƙo ne mai jiran komawa, 'ya'yana kuwa nan aka yanke musu cibiya. Shi ya sa da aka kira gangamin ƙin wariya bayan ƙone-ƙonen 2024, muka fita cikin dubban mutane, ni da hijabina, ba na neman izinin kowa.

Maganar auren 'yata ita ce ta fi yi mini ciwo. Har yau akwai masu cewa a dangi mun ba da ita ga arne. Yaron daga gidan Katolika ya fito, ya musulunta tun kafin ya nemi aurenta, an ɗaura aure da waliyyi da sadaki da shaidu. Uwarsa ta zo kamu an yi mata lalle, ta zauna a tabarma har aka tashi. Maƙwabciyarmu tsohuwa Bafurotesta, wadda tutar Birtaniya ba ta sauka daga tagarta, ita ta ba mu aron kujeru, ita ce kuma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa a daren ƙone-ƙone ta ce in abu ya ɓaci mu shigo gidanta. Ba zan iya kallon tutar tagarta in ce maƙiyiya ce ba, kamar yadda ba zan manta wanda ya ɗaga irinta yana zagin addinina ba.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, ba mu da zango ko sarki. Masallacinmu ɗaya da Larabawa da 'yan Sudan da 'yan Pakistan. Amma in aka yi haihuwa rana ta bakwai ake suna da rago, in aka yi rasuwa mu muke wanka da sutura, in azumi ya zo kunun gyaɗa da ƙosai ba sa yankewa a gidana. Yarana suna durƙusawa su gaida babba. Hausarsu tana da gargada, na yarda, amma da suka zo Zariya bikin ɗanka aka riƙa sa su magana don a yi dariya, ana kiransu 'yan Ingila, alhali ko Ingilar ba su taɓa zama ba. Ƙaramin ya dawo ya daina yi mini Hausa na tsawon lokaci, da ƙyar na lallashe shi.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu zo da jikanka, da uban nasa. Ina roƙonka, Yaya, ka yi wa yaran gida magana tun kafin mu iso. A gaida Yaya Babba da su Goggo.