Wace shuka zan sa a kan tankin ruwa ba tare da saiwa ta fasa shi ba?

Tambaya: Salamu alaikum malam, a Makka nake zaune, ƙasar tsakar gidanmu zurfinta bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, ƙarƙashi kuma tankin ruwa ne da bututai. Ina son shukar da za ta yi shekaru ba sai na riƙa sakewa ba, amma ina tsoron saiwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai duk wanda ya kawo miki bazromiya, itacen nan da ake jerawa a bakin katanga, ki ce a kai kasuwa, saiwarsa bin danshi take har ta kutsa cikin bututu. Haka darbejiya da magarya, kai ko zogale ban yarda ba a wurin nan don saiwarsa ƙasa take nutsawa.

Taƙi ɗaya da rabi wajen santimita 30 kenan, ya ishi na'a-na'a da habak irin na Madina (ganyen ƙamshi da ake sakawa a shayi) da alobera da moɗa, in kuma fure kike so ga winka, tana jure rana sosai amma ba a ci, ki kula da yara. Na'a-na'a dai ki sa ta a baho ita kaɗai, rarrafe take ta ƙarƙashin ƙasa, kina sakaci ta cinye wurin.

Abin da masu sayar da shuka ba sa faɗa shine, gajeriyar saiwa ba ta iya neman ruwa da kanta, ke ce rijiyarta, kuma kin san zafin Makka wasu ranakun yana wuce digiri 45 daga Yuni zuwa Agusta, saman ƙasa kafin azahar ya bushe ƙamas. To na'a-na'a da habak ruwa kullum bayan asuba, da zafi a ƙara da yamma, a sa musu inuwa, a baza busasshen ganye a gindi. Alobera da moɗa kuwa suna ajiye ruwa a ganyensu, sai ƙasa ta bushe tukuna, yawan ban ruwa ne ma ke ruɓar da su, shi yasa kar ki haɗa su kwami ɗaya da na'a-na'a. In mai yawan tafiya ce ke, ki tsaya kan waɗannan biyun kawai.

Dashe ki bari sai Nuwamba zafi ya sauka. Sannan kar ki ce za ki ƙara ƙasa don zurfi ya ƙaru sai mai gini ya duba murfin tankin, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 30 tana kaiwa wajen kilo 500 a kowace murabba'in mita, kuma a tabbatar ruwan taki ba ya zirarewa cikin tankin.