Wai da ƙuri'ar Kano Shagari ya ci zaɓen 1979?

TAMBAYA: Salam Malam, gardama ce ta ɓarke a majalisarmu, wani dattijo ya ce wai a zaɓen 1979 Kanawa ba su zaɓi Shagari ba amma kuma da ƙuri'arsu ya hau mulki, ni dai abin ya ɗaure min kai wallahi. Don Allah a warware mana. Daga mai karatu a Haɗejia.

AMSA: Wa alaikumus salam. Gaskiya dattijon nan naku ya san abin da yake faɗa. An yi zaɓen ne ran 11 ga Agusta 1979, lokacin jihohi 19 ne, ku ma Haɗejia kuna cikin Kano don sai 1991 aka cire Jigawa. Kano kuwa ta Malam Aminu ce da PRP, ya kwashe sama da kashi 70 cikin 100, Shagari na NPN ko 20 bai cika ba, 19.94 ya samu.

To ga inda gizo ke saƙar, doka ta ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ka samu kwata na ƙuri'un kowace jiha a aƙalla biyu bisa uku na jihohi, shi kuma Shagari a jihohi 12 ya samu. Awolowo na UPN ya ce ai ba a yanka jiha kamar tsire, biyu bisa ukun 19 sai dai 13, don haka a je zagaye na biyu. Shi kuma lauyan NPN Richard Akinjide ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, wato a jiha ta 13, Kano kenan, a ɗauki biyu bisa ukun ƙuri'un a lissafa kwatarsu, sai ka ga abin da ake nema ya dawo ɗaya bisa shida, kashi 16 da 'yan kai, kuma ai Shagari ya haura haka.

Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta karɓi wannan lissafin, Awolowo ya kai har kotun ƙoli, ran 26 ga Satumba ta tabbatar wa Shagari, sai dai alƙali Kayode Eso ya ƙi yarda, ni ma dai har gobe lissafin bai gama kwanta min ba. Ran 1 ga Oktoba aka rantsar da Shagari, shi kuma Akinjide aka ba shi ministan shari'a.