Tambaya da Amsa: Matan Filifin Masu Ci-rani, Wa Ke Rainon 'Ya'yan da Suka Bari?

Wasiƙu uku ne suka taru a kan batu ɗaya a wannan karon, don haka muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Lokacin da na je Umara na kwanta rashin lafiya, kuma yawancin ma'aikatan jinyar da suka kula da ni 'yan ƙasar Filifin ne. Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cewa shekararta shida a can, 'ya'yanta uku kuma suna gida wajen kakarsu. Maganar ta tsaya mini a rai. Me ya sa matan ƙasar nan suka yawaita a ƙasashen mutane haka, kuma ina mazansu? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Abin da kika gani tsari ne na gwamnati wanda ya shekara hamsin ana bin sa. A 1974 Shugaba Ferdinand Marcos ya sa hannu a dokar ƙwadago wadda ta mayar da tura ma'aikata waje manufar ƙasa, saboda rashin aiki ya yi yawa a gida, bashi ya yi nauyi, ga kuma ƙasashen Larabawa sun samu kuɗin man fetur bayan tashin farashin 1973 suna neman masu gina musu hanyoyi da gidaje. Waɗanda suka fara fita maza ne, magina da direbobi da injiniyoyi, kuma an ɗauki abin a matsayin mafita ta ɗan lokaci. Da gine-ginen suka ragu a shekarun 1980, sai kasuwar ta juya. Matan Hong Kong da Singafo sun shiga masana'antu da ofisoshi, tsofaffi sun yawaita a Italiya, gidajen masu hali a Saudiyya da Kuwait sun ƙaru, kuma duk waɗannan wurare suna buƙatar wadda za ta yi shara da girki, ta goya yaro, ta yi jinyar dattijo. Aikin da duniya ta saba kira aikin mata shi ne aka fi nema, saboda haka mata suka fita.

Ma'aikatan jinya kuwa tarihinsu ya fi haka tsawo. Amurka ta mulki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta shimfiɗa karatu da Turanci, ta kuma buɗe makarantun koyon jinya bisa tsarin asibitocinta. Da Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, dubban ma'aikatan jinya suka tafi can, daga baya kuma Saudiyya da Birtaniya suka shiga ɗauka. May Parsons, wadda ta yi wa wata dattijuwa allurar rigakafin korona ta kamfanin Pfizer ta farko da aka yi ba a cikin gwaji ba, a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020, 'yar Filifin ce.

Mazan ma suna fita, musamman aikin jiragen ruwa, inda ƙasar ke cikin waɗanda suka fi kowa samar da ma'aikata. Amma ƙididdigar hukumar alƙaluma ta ƙasar ta 2023 ta nuna cewa cikin 'yan ci-rani fiye da miliyan 2, mata sun haura rabi, kuma kaso mai yawa na matan aikatau suke yi a gidaje. A shekarar 2023 ɗin kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje suka aika gida ya wuce dala biliyan 37, wato fiye da kashi 8 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Idan mace ce ke ciyar da gida daga wata ƙasa, shin mijin kan karɓi rainon yara da ɗawainiyar gida? Ni a ganina wannan tafiyar rusa iyali take yi, kuma laifin na matan ne da suka fifita kuɗi a kan 'ya'yansu. Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, na gode, kuma damuwarka game da yaran tana kan hanya, sai dai ban yarda da inda ka ɗora laifin ba. 'Yan Filifin suna da wata magana da ke kiran uba ginshiƙin gida, uwa kuma fitilar gida. Mai hankali zai zaci cewa idan fitilar ta koma ɗaukar nauyin ginshiƙi, shi ma ginshiƙin zai karɓi wani abu daga aikin fitila. Binciken da Rhacel Parreñas, masaniyar zamantakewa 'yar asalin ƙasar, ta yi a tsakanin masu aikatau a Rum da Los Angeles, sannan a tsakanin 'ya'yan 'yan ci-rani a cikin Filifin, ya nuna cewa ba kasafai hakan ke faruwa ba. Akwai mazan da suka tsaya tsayin daka, suka koyi girki da wanki da kai yara asibiti, kuma bai kamata a tauye musu haƙƙi ba. Amma a gidaje da yawa aikin kan faɗa ne a kan kaka, ko gwaggo, ko inna, ko babbar 'ya mace wadda ita kanta ba ta gama girma ba, har karatunta ya riƙa ja da baya saboda ƙannenta.

Wani lokaci kuma matar da ke waje takan ware wani abu daga albashinta ta ɗauki 'yar aiki daga ƙauye, wadda ita ma ta bar nata 'ya'yan a hannun wata. Ka dubi yadda abin ya jeru: likita a Hong Kong ta samu damar zuwa aiki domin 'yar Filifin tana riƙe da ɗanta, 'yar Filifin ta samu damar zama a Hong Kong domin wata matalauciya tana riƙe da nata a Manila, babban birnin Filifin, ita kuma matalauciyar ta bar nata a ƙauye wajen wadda ba a biyan ta ko sisi. Masana suna kiran wannan sarƙar raino ta duniya. A kowace gaɓa ladan aikin yana raguwa, kuma daga farkon sarƙar har ƙarshenta mata ne ke miƙa wa juna ɗawainiyar, ba tare da an tambayi mazan gidajen, na can da na nan, ko hukumomin ƙasashen masu arziki, me ya hana su ɗaukar rabonsu ba.

Ita kuma wadda ta tafi ba ta ajiye matsayinta na uwa a filin jirgi ba. Bayan ta gama hidimar gidan wasu, da dare takan kira ta waya ta tambayi ko an yi aikin makaranta, ko an sha magani, ko an biya kuɗin wuta. Takan shafe watanni tana tara sabulu da takalma da kayan gwangwani cikin wani babban kwali da suke kira balikbayan, domin ya isa gida kafin Kirsimeti. Da yawa daga cikinsu sun yi karatu mai zurfi, har akwai malaman makaranta irinka, Malam, waɗanda suka tarar cewa wanke-wanke a ƙasar waje ya fi koyarwa a gida albashi. Kuɗin da suke aikowa yawanci a kuɗin makaranta da magani da ginin gida da biyan bashi yake ƙarewa, wato a kan 'ya'yan nan da ake cewa an yi watsi da su.

Ba na musun cewa yaran suna jin ciwo. Yaron da ya san uwarsa ta fuskar waya kawai yana da rashi na gaske, kuma aure da yawa sun yi sanyi saboda nisa, a ƙasar da dokarta ba ta yarda da saki ba sai ga Musulmi, waɗanda ke da dokar iyali tasu tun 1977. Abin da ya fi damuna shi ne bambancin hukunci. Uban da ya shekara a teku ana yaba masa da cewa yana neman halali, uwar da ta yi daidai abin da ya yi kuwa, idan ɗanta ya lalace, ita ake nunawa da yatsa. A 1988 Shugaba Corazon Aquino ta tsaya gaban masu aikatau a Hong Kong ta kira su sababbin jarumai, kuma sunan ya zauna har yau. Ƙasa ba za ta kira mace jaruma ranar da kuɗinta ya shigo banki, sannan ta kira ta mai sakaci ranar da gida ya samu matsala ba. Idan ana neman mai laifi, a fara da tattalin arzikin da ya kasa biyan malama abin da zai riƙe iyalinta, da kuma dokokin ƙasashen da ke son aikin hannunta amma suka hana ta zuwa da 'ya'yanta.

TAMBAYA: Anti, muna jin labarin ana cin zarafinsu, har da kisa. Babu dokar da ke kare su ne? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Akwai, 'yata, kuma wasu daga cikinsu an same su ne bayan an yi asarar rai. A ranar 17 ga Maris 1995 Singafo ta rataye Flor Contemplacion, uwar 'ya'ya huɗu, bisa laifin kisan wata 'yar aiki 'yar ƙasarsu da wani yaro. Jama'ar Filifin da yawa ba su gamsu da shari'ar ba, zanga-zanga ta cika tituna, kuma cikin watanni kaɗan gwamnatin Fidel Ramos ta kafa dokar kare 'yan ci-rani. A shekarar 1995 ɗin ce kuma aka yanke wa Sarah Balabagan, yarinya Musulma daga Mindanao da ke kudancin Filifin, hukuncin kisa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda ta kashe maigidanta, wanda ta ce ya yi mata fyaɗe. Daga baya aka sassauta hukuncin, aka biya diyya, ta koma gida a 1996. A 2006 gwamnati ta ƙayyade dala 400 a matsayin mafi ƙarancin albashin wata ga mai aikatau a waje, ta kuma hana dillalai karɓar kuɗin samar da aiki daga hannunsu. A 2012 Filifin ta zama ƙasa ta biyu da ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan masu aikin gida. Da aka tsinci gawar Joanna Demafelis cikin firiza a Kuwait a 2018, an dakatar da tura ma'aikata can har sai da aka ƙulla sabuwar yarjejeniya, kuma a ƙarshen 2021 aka kafa ma'aikata sukutum domin 'yan ci-rani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a wannan fanni Filifin ta fi yawancin ƙasashen da ke tura ma'aikata ƙoƙari.

Matsalar ita ce dokar Manila ba ta shiga ɗakin girkin wani gida a wata ƙasa. A ƙasashen Larabawa tsarin kafala ya ɗaure takardar zaman ma'aikaciya ga maigidanta, kuma gyare-gyaren da wasu ƙasashe suka yi ba su kai ga masu aikin gida sosai ba, ta yadda wadda aka karɓe wa fasfo da waya ba ta da hanyar kai ƙara, idan kuma ta fita sai a ce ta gudu. A Hong Kong, inda akwai albashi ƙayyadadde da hutun kwana ɗaya a mako, doka ta wajabta mata kwana a gidan da take aiki, kuma idan aikin ya ƙare mako biyu kawai take da shi ta samu wani ko ta bar garin. Ranar Lahadi dubbansu sukan shimfiɗa kwali su zauna a bakin titunan tsakiyar birnin, domin ba su da wani ɗaki nasu da za su huta a ciki. Sauran baƙi suna iya neman izinin zama na dindindin bayan shekara 7. Evangeline Vallejos, wadda ta fara aikatau a can tun 1986, ta nemi wannan haƙƙi a kotu, kuma a watan Maris na 2013 kotun ƙoli ta birnin ta yanke cewa shekarun mai aikin gida ba sa shiga wannan lissafi.