Tambaya da Amsa: Yaya za mu gane tallafin ƙasashen waje ya yi amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Ikara. Kullum a rediyo sai mu ji an ware miliyoyin daloli na tallafi. Motoci su zo, a kafa allo, a ɗauki hoto, a tafi. Rijiyar burtsatsen da wata ƙungiya ta haƙa mana ta lalace tun bara, ba wanda ya waiwaye ta. Don Allah, ta yaya talaka zai gane ko tallafin nan yana aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Abin da nake dubawa shi ne canjin da aka samu a rayuwar mutane. Yawan kuɗin da aka kashe da yawan rijiyoyin da aka haƙa lissafin ofis ne kawai.

Ki tambayi dattawan garinku labarin kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu fama da ita a Najeriya, manoma na kwance a tsakiyar damina. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da Janar Yakubu Gowon suka shiga ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa da maganin zubawa a tafki. Aka sa 'yan sa-kai na garin suna rubuta duk wanda tsutsar ta fito masa. Mutum na ƙarshe an gan shi a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Wannan aiki ina jinjina masa, domin marasa lafiya aka riƙa ƙirgawa har suka ƙare.

Ga kuma Pampaida, nan maƙwabtanku. A 2006 ta shiga shirin Ƙauyukan Millennium na Farfesa Jeffrey Sachs, aka kawo taki da iri da gidan sauro, aka inganta makaranta da asibiti. Mutane sun amfana, ban musa ba. Sai dai masana sun yi ƙorafi cewa tun farko ba a ware wasu ƙauyuka makamanta da za a riƙa gwadawa da su ba. In mace-macen yara ya ragu, shirin ne ya jawo, ko kuwa ko'ina ma ya ragu a shekarun? Da aka kai shirin arewacin Ghana a 2012 da kuɗin Birtaniya, sai aka sa masu bincike na daban suka kwatanta. Rahotonsu na 2018 ya nuna an ci gaba ta wasu fannonin lafiya da zuwa makaranta, amma talauci da yunwa ba su ragu fiye da na ƙauyukan kwatance ba.

Tunda ke malama ce, wannan zai taɓa ki: a yammacin Kenya, masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa sun gano cewa raba littattafai ɗalibai masu ƙoƙari kaɗai ya taimaka, saboda da Turanci aka rubuta su, sauran yaran ba sa iya karantawa.

Batun rijiyarku shi ya fi ci mini rai, don irinta suna nan birjik. A takarda an gama aiki, ku kuwa kun koma rafi. Duk ƙungiyar da ta sake zuwa, ku tambaye ta a gaban mai gari: wa zai gyara in ta tsaya, ina za a sami kayan gyara, wa aka koya wa a garin? Yanzu kuma ku kafa kwamitin ruwa da mata a ciki, ku riƙa tara ɗan kuɗi duk wata, ku kai takarda sashen ruwa na ƙaramar hukuma. Ke kuma ki riƙa rubuta yawan yaran da ke makara saboda ɗiban ruwa, ki haɗa da takardar.